Tsohuwar da Elspeth Ta Tono

"Ku dubi ƙugun nan da kyau," in ji Elspeth, tana nuna a allo hoton ƙasusuwan da ta tono. Mutanen da ke zauren jami'ar suka zuba ido. Ta sha durƙuso cikin taɓo da ruwan saman arewacin Ingila, duk don wannan rana da za ta gabatar da bincikenta na digirin digirgir.

"Tsohuwar nan ta rayu sama da shekara dubu da suka wuce. Ta karye, ba ta ƙara takawa ba, amma ƙashin ya nuna ta daɗe a duniya bayan haka. Wani ne ya ciyar da ita, ya yi mata wanka, ya ɗauki lalurarta. Mutanen da muke yi wa kallon jahilai ba su yar da nasu ba."

Aka ɗau tafi. Malaminta har da share ƙwalla.

Can baya wani mai baƙar kwat ya ɗaga hannu. Sai da ya miƙe ta gane yayanta ne, Fergus. Ta jima tana kashe kiransa a waya, wai sai ta gama binciken.

"Malama, tambaya gare ni," ya ce, ko murya bai ɗaga ba. "Yau da safe muka binne Mama. Tun da ta kwanta take cigiyarki. To faɗa mini, shekara nawa za ta yi a ƙasa kafin ta cancanci ki zo ki duba ta?"