Jirgin da Ya Fasa Sauka

Ka ce kunya ta hana ka janye ƙafa daga abin da ka riga ka fara, don kada a ce ka ji tsoro. To, gyara zama ka ji labarin wani mai gyaran firji.

Mutumin nan bai taɓa shiga jirgin sama ba, amma babu abin da ya shiga ransa kamar jirgi. A bayan shagonsa ya kafa kujerar tsohuwar mota, ya ajiye kwamfuta a gabanta, ya haɗa sandar tuƙi da abin takawa da ya ƙera da hannunsa, ya sa manhajar da ake kwaikwayon tuƙin jirgi da ita. Duk Asabar bayan la'asar abokansa masu irin ra'ayinsa sukan taru a wurin, ana shan shayi ana musu a kan injina da fukafukai, kowa ya hau kujera ya nuna bajintarsa. A wurinsu gwani shi ne wanda ya dire jirgi a kan titi a karon farko, ko da iska tana wujijjiga shi. Shi kuwa mai firji, da zarar ya ga ya taho da gudu fiye da kima, ko iska ta karkatar da shi daga tsakiyar titi, sai ya ƙara wa inji wuta, ya ɗaga hancin jirgi, ya koma sama ya zagayo. Dariya kuwa har da riƙe ciki. Wani mai sayar da wayoyi, wanda bakinsa ba ya gajiya, shi ya laƙaba masa Sarkin Zagaye, yana cewa mutum yana zaune daram a ƙasa amma tsoron faɗowa yake ji. Sunan yana yi masa zafi ƙwarai, amma bai daina ba, domin ya karanta cewa haka matuƙan gaske suke yi.

Ana nan sai mahaifiyarsa ta samu kujerar aikin Hajji, abin da ta daɗe tana roƙon Allah ya nuna mata kafin ta mutu. Da tafiya ta matso, sai tsohuwa ta ce ita ta fasa. Wata maƙwabciya ce ta ba ta labarin yadda jirgi yake ruri yana girgiza, tsoro ya shige ta har abinci ya daina yi mata daɗi. Dangi suka yi lallashi, liman ya yi nasiha, ta kafe. Ɗanta bai ja da ita ba. Ya kawo ta shago, ya zaunar da ita kusa da shi, ya tashi jirginsa na kwamfuta tana kallo. Ya nuna mata cewa wannan ƙarar tayoyi ne suke shigewa, wannan girgizar kuma gajimare ne, kamar gargadar hanyar ƙauyensu. Da suka zo sauka, titi ya bayyana a gabansu, da gangan ya ƙara wuta ya koma sama. Tsohuwa ta dafe ƙirji ta hau salati, ta manta a shago take. Ya ce, "Inna, in kin ji haka, matuƙi ya ga saukar ba ta yi masa ba ne. Zai zagayo ya sake." Ya yi ta maimaita mata kwana da kwanaki, har ta kai tana gane ƙarar kafin ya yi bayani, har ma tana yi masa faɗa in ta ga ya taho a karkace. Ranar tashi da kanta ta ɗauki jakarta.

Bayan alhazai sun dawo, wata Asabar ana tsakiyar musu, sai ga wata dattijuwa ta yi sallama a ƙofar shago, riƙe da dabino da zamzam. Mahaifiyar mai sayar da wayoyi ce. Ashe jirgi ɗaya suka shiga da tsohuwar mai firji, kujera kusa da kujera. A gaban kowa ta ba da labari: sun sauko har suna hango motoci a ƙasa, sai iska ta taso, jirgi ya yi wani irin ruri ya koma sama. Mata suka fashe da kuka, maza suka kama kalmar shahada, ita kanta mai hawan jini numfashinta ya fara sarƙewa. Sai tsohuwar ta riƙe hannunta gam, ta ɗaga murya ta ce, "Ku kwantar da hankalinku, bayin Allah, zagayowa zai yi. Ɗana ma haka yake yi." Haka kuwa aka yi, jirgi ya zagayo ya sauka a hankali kamar an ajiye ƙwai a faifai. Dattijuwar ta ce ta zo ne ta ga ɗan da ya koya wa uwarsa jirgi, ta sa masa albarka.

Mai firji bai taɓa jin labarin ba sai ranar, domin a wurin mahaifiyarsa abin bai kai labari ba. Ya ji kansa ya yi girma, idanunsa suka ciko da hawayen farin ciki, bai ma damu ya share su ba. Mai wayoyi, wanda shi ne a kan kujera a lokacin, ya miƙe ya ba shi wuri. Kafin wata Asabar, mai firji ya kira mai fenti ya rubuta masa Sarkin Zagaye da manyan baƙaƙe a saman ƙofar shagonsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.