Ruku'un Fa'izu

"Ɗaga ƙafar, kada ka lanƙwasa gwiwa," in ji koci Mutari.

Fa'izu, ɗan gaban ƙungiyar ƙwallon Badaguishiri, yana kwance bisa tabarma. Ya ɗaga ƙafar yana murmushi, alhali tun wasansu da Illela bayan cinyarsa ke ja kamar zai tsinke. Haka koci ke gwada su bayan kowane wasa, wanda ya yamutsa fuska sai benci.

"Garau nake, koci. Ka sa ni a wasan Malbaza."

"Benci."

Fa'izu ya koma gida a fusace. Matarsa Ikilima kaɗai ta san yana gasa cinyar da ruwan zafi, don haka ita ya ɗora wa laifi, har ya ƙi cin tuwonta. Ta rantse ba ta gaya wa kowa ba, ta cinye abinta.

Da aka sallame la'asar ya waiwaya, sai ga koci a sahun bayansa. Dama unguwa ta ɗauka koci ya shiryu, kwanan nan ba ya fashin masallacinsu.

"Don Allah koci, wa ya tona ni?"

"Ruku'unka. Fuska ta iya ƙarya, amma tun wasan Illela gwiwarka ba ta miƙe a ruku'u ba. Ran da ta miƙe, ka dawo fili."

Fa'izu ya riƙe baki. "To mai leƙen ƙafafun mutane, tasa sallar fa?"

Mutari ya zura takalmansa. "Shi ya sa nake sake tawa a gida."