Kukan A-kori-kurar Alhaji Umaru

Shu'aibu Makaniki yana kwance rigingine a ƙarƙashin tsohuwar a-kori-kurar Alhaji Umaru, baƙin mai na ɗiga masa a gemu, yana fama da wani noti da tsatsa ta cinye. A lokacin Yauri tana cikin jihar Sakkwato, kuma daga Yelwa har Warra babu makanikin da ake ji da shi kamarsa. Shi ma ya san da haka, bakinsa kuwa ba ya barin kowa ya manta.

Ciwon motar ba ɓoyayye ba ne. Da ta hau gargada sai wani kuka ya taso daga ƙasanta, ƙiiii-gur-gur, ƙiiii-gur-gur, kamar an taka wa kare wutsiya. Damina guda Alhaji ya yi yana jigilar bandar kifi da ita a haka. Sai da 'yan tasha suka raɗa mata suna Mai-Guɗa sannan ya kawo ta gyara.

Jin farko Shu'aibu ya gano cutar: boris ɗin tsakiya ne ya mutu, wato zoben da ke tallafe da farfela, doguwar sandar ƙarfen nan mai juya tayoyin baya. Da Alhaji ya ɗan nuna shakka, sai Shu'aibu ya bugi ƙirji a gaban 'yan tasha.

"Alhaji, in motag ga ta ƙara kuka, in jefa akwatin kayan aikina cikin kogin Kuwara, in koma su, in kama kifi! Ku shaida!"

Suka ko shaida da murna, don kowa ya san Shu'aibu ɗan masunta ne da ko ɗaurarren kwalekwale ya gani sai ya ja da baya. Tsoron ruwa ne ma ya kai shi gareji.

"Gaskiya na, Alhaji," in ji Wakili, ko da yake ba Alhaji ne ya yi maganar ba.

Wakili shi ne abokin tafiyar Alhaji. Daga Lakwaja Alhaji ya taho da shi shekarun baya, tun daga nan ba su rabu ba. Ba ya dako, ba ya tuƙi. Aikinsa ɓare gyaɗa da maimaita maganar mutane. Zafin inji ba ya yi masa daɗi, don haka mazauninsa a baya yake, daf da bayan kujerar direba, tsakanin kwandunan kifi.

Shu'aibu ya yi aikinsa tsaf. Ya sa alli ya yi wa farfela alama don ta koma yadda ta fito, ya kwance ta, ya doke tsohon boris da guduma. Robarsa ta ruɓe, yana juya shi a hannu boris ɗin na gurnani. Ya cika sabon da giris, ya ɗaure, ya ja motar shi kaɗai har mararrabar Shanga ya dawo. Shiru kake ji, wai Malam ya ci shirwa.

Washegari Alhaji da Wakili suka yi Warra. Da la'asar sai ga su.

"Shu'aibu, ba ta bari ba."

"Ba ta bari ba," in ji Wakili.

Shu'aibu ya ce boris ɗin ne jabu, ya aika Kwantagora aka kawo wani. Ya gwada shi kaɗai, shiru. Alhaji ya karɓa, kuka ya dawo. Shu'aibu ya roƙi 'yan tasha su ɗaga masa ƙafa, aka kawo na uku daga Sakkwato. Wannan karon ya shiga gaba kusa da Alhaji don ya ƙaryata shi, Wakili yana baya a mazauninsa. Suna hawa gargada ya ji abin da kunnensa, daga bayan kujera, daidai saitin boris ɗin. Har da suka tsaya sai da kukan ya ɗan ƙara ja, amma ya ce kunnensa ne ke amsawa.

Ranar ya kasa cin tuwo. Ya sake sauke farfelar, ya juya ta, ya shinshina, har ya kanga mata kunne. Bai ga aibinta ba. Tsoro ya kama shi sosai, don 'yan tasha sun riga sun aro masa filafilin tuƙa kwalekwale da tarun kamun kifi, sun jingine a ƙofar gareji. Baki shi ke yanka wuya.

Ran kasuwa ya ɗauki akwatin a ka ya gangara bakin ruwa, jama'a na biye da shi kamar rakiyar ango. Motar tana can gareji a kan duwatsu, farfelarta yashe a ƙasa. Alhaji ya biyo a ƙasa tare da Wakili don ganin ƙarshen zance.

Shu'aibu ya tsaya a kan dutse, idonsa ya ciko. Tun yana koyon aiki yake tara sufanun da ke cikin akwatin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya runtse ido ya wurga. Akwatin ya ce tsundum, ya nutse inda ko 'yan nutso ba sa kaiwa.

Alhaji ya so ya riƙe dariya don kunya, amma ta fi ƙarfinsa, ta koma ciki, kafaɗunsa suka shiga rawa kamar mota a hanyar Warra.

Sai aka ji, ƙiiii-gur-gur, ƙiiii-gur-gur.

Shu'aibu ya waiga a hankali. Wakili ne, akun Alhaji, yana rangaji a kan kafaɗar ubangidansa, ya gama kukan, ya gyara jar wutsiyarsa, ya dube shi da ido ɗaya ya ce, "Sannu da aiki."