Akwatin da ke Kan Falwaya

Direba ya ɗaga ƙafa daga totur tun kafin ya kai shagon kafinta. Motar burodi ta bi ta ƙarƙashin akwatin nan mai ruwan toka da ke kan falwayar bakin kwana, a hankali, kamar ƙwai ta ɗauko.

Ba halinsa ba ne. Shi in ya ga titi ya miƙe, tafin ƙafarsa ƙaiƙayi yake yi. Tara ta sha hawa kan gidan burodin saboda shi, har maigida ya kira shi ofis ya ce in kyamara ta sake ɗaukar motar nan, ya ajiye makulli a kan tebur, ba sai an yi doguwar magana ba. Ga yara, ga haya.

Tun daga ranar ya zama malamin kyamara. Ya san ta kan gada, ya san wadda ta laɓe bayan allon talla, ya san wadda ta mutu tuntuni ba a sauke gawarta ba. A teburin mai shayi direbobi ke zagaye shi yana ba da karatu. Wani ya kawo shawarar shafa wa lamba taɓo, ya ce masa wannan neman tara ne a kan tara. Wani ya ce a manne wa babbar mota a baya, ya tambaye shi ko ya bar wasiyya.

Ta bakin kwana ce kawai ta gagare shi. Wayarsa, mai yi masa ƙara in ya doshi kyamara, ba ta san da ita ba. Kafinta dai ya ce yana nan ranar da aka ɗaura ta, har ya san mai tsanin. Da safe ba ta walƙiya. In akwai hadari ma shiru. Sai rana ta karkata, lokacin tashin 'yan makaranta, take watsa wa mai gudu haske a ido. Direba ya yi nazari ya ce sola ce, da hasken rana take aiki. Akwai kuma rana guda a mako, Talata ce ko Laraba, ta shige mini, da ba ta motsi sam. Ya ce ranar ake kwashe hotuna. Duk aka yarda, don ba wanda ya fi shi sani.

Surukarsa a layin take, a benen da ke kallon falwayar. Yaransa kullum sai sun tsallaka titin zuwa wurinta su jira uwarsu ta taso daga aiki. Da can ba ta da zance sai na motoci da gudunsu, har ya riƙa sunkuyar da kai in ta fara. Yanzu ta daina. Tsohuwa ce mai sauƙin sha'ani: kujerarta a bakin taga don gwiwoyinta su sha rana, asibiti sau ɗaya a mako, shi ke nan. Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa, ragowar fenti ruwan toka da ya shafa wa ƙofarsa, wai kejin kajinta ya yi tsatsa. Kejin yana nan da tsatsarsa. Tsufa ke nan, in ji shi. Ni ma na san wannan.

Rannan tanda ta ɓaci, burodi ya makara, masu shaguna suka dame shi da waya. Ya shigo kwana hankalinsa na can. Haske ya mare shi a ido.

Ya taka burki, amma aikin gama ya gama.

Abinci ya daina shiga. In maigida ya ƙwala masa kira, sai ya ɗauka kora ce ta zo, ashe taya za a ce ya duba. Ya yi tunanin cewa ƙaninsa ne ke tuƙi, ya tuna ƙanin ko keke bai iya ba. Ya je ya tsaya a gindin falwaya yana kallon akwatin, kafinta ya leƙo ya ce masa sannu, ya koma ciki yana tari.

Da abin ya ishe shi, matarsa ta ce ya je ya faɗa wa Mama, ko addu'a ta sa masa. Ya hau benen, ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen kujerarta.

"Mama, ina wuni. Ya gwiwar?"

"Da sauƙi, Baban yara. Kai ne dai na ga ka rame."

Ya zayyana mata komai, idonsa a ƙasa: gargaɗin maigida, makulli, hasken da ya kama shi. Ya ce in aikin ya tafi, ta yi haƙuri da shi.

"Ba inda zai tafi," in ji ta. "Ba wanda zai kai wa maigidanka hoto."

"Mama, ba ki san mutanen nan ba."

"Ranar ai yaranka na bakin titi, ƙaramar ta riga ta sauke ƙafa ɗaya. Ka gan su?"

Bai gan su ba.

Can ƙasa aka kaɗa ƙararrawar makaranta. Wata mota ta taso daga nesa tana gurnani. Tsohuwa ta gyara zama, ta zura hannu ƙarƙashin matashin kujera.

"Matsa kaɗan, Baban yara, ka tare mini rana," ta ce, ta zaro madubin kwalliyarta, wanda har yanzu akwai ɗigon fenti ruwan toka a bayansa.