Allurar Da Ta Sha Rana

Kai Ɗanlami, ajiye makullin nan haka, ka ishe ni da kaɗa shi. Ka ce sharuɗɗan hukuma ne suka hana ka buɗe kantin maganinka, ko? To zauna ka ji.

An yi wani mutum mai irin zafin nan naka, wanda ko shayi a tsaye yake sha. Ya buɗe kantin magani irin wanda kake so, wanda ba a zuwa saye. Ɗaki ne a bayan layi, a bugo waya, 'yan babur su kai har ƙofar gida. Hukuma ta ba shi lasisi da sharaɗi: allurar masu ciwon suga ba ta barin firiji sai a cikin kula, wato akwatin sanyi mai ƙanƙara, kuma tunda ba a ganin fuskar kowa, kafin a rufe ƙunshi sai mai harhaɗa magani ta kira ta ji mai ciwon da bakinsa. Shi kuwa gogan, burinsa a ce duk garin ba mai saurinsa. Kula tana cin wuri a bayan babur, kiran waya yana ɓata lokaci. Mai harhaɗa maganin ta ce, "Yallaɓai, bari. Allurar nan in ta sha zafi kamanninta ba sa sauyawa, ƙarfinta ne ke tafiya." Ya ce ai ba a kan murhu za a ɗora ta ba. Ta faɗa ta sake faɗa, da ta gaji ta ajiye aikin, ya ɗauko wanda ba ya musu. Ranar da masu duba za su zo sai ka ga kuloli jere fes kamar kayan ɗakin amarya, suna juya baya a tura su ƙarƙashin tebur. Allura kuwa tana cikin leda a akwatin babur, tana yawon gari a ranar bazara daga wannan cunkoso zuwa wancan.

To mutumin nan ɗan fari ne. Mahaifiyarsa ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce masa likita ya mayar da ita kan allurar ciwon suga, ko ta nuna masa ɗan gyambon da ya fito mata a yatsan ƙafa. Amma ta ji ana yabon kantin ɗanta, ranta ya yi fari, ta ce ba za ta sayi magani a wani wuri ba. Sai ta sa maƙwabciyarta ta riƙa yi mata oda da sunan ita maƙwabciyar. Da ana kiran nan, da tun ranar farko an ji muryar tsohuwa. Gidan kuma a ƙarshen gari yake, shi ne na ƙarshe a zagayen ɗan babur, allura na isa da ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu. Baiwar Allah ta yi bisimilla ta soka, ta sa masa albarka. Ƙishirwa ta ƙi ƙarewa, gyambo ya ƙi rufewa, yatsa ya fara baƙi, baƙin ya hau. Abin yana ƙona mini rai har yau.

Da aka kira shi asibiti ya shigo yana faɗa, ya kai gwauro ya kai mari, yana tambayar wane azzalumi ne ya sayar mata da maganin banza. Likita ya ce jininta kamar na wadda ba ta taɓa ganin allura ba, kuma ƙafar sai an yanke. Ya kuma ce a kawo abin da take amfani da shi ya gani. Maƙwabciya ta kwance ledar, ga tambarin kantinsa ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Tsohuwa ta juyar da fuska bango, ta ce wa likita kada a zargi kowa, ita ce ta manta da allurar a rana.

Je ka sayi kulolinka, Ɗanlami. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.