Ƙofar da Janar Ya Bari

Ranar Talata, sha huɗu ga watan tara, da ƙarfe goma da kwata na safe, babban injin iska na tashar ya yi tari sau biyu ya tsaya. Mai ɗinki tana facin gwiwar wata rigar fita sarari sa'ad da ta ji shirun. Shekara arba'in tana zaune a wannan tasha da ke rataye tsakanin taurari, kunnenta bai taɓa rabuwa da gurnanin injin ba sai ran nan. Kafin tsakar rana injiniya ya sanar cewa iskar kwana tara ce ta rage, kuma kumbo ɗaya ne zai zo, ranar Juma'a.

Kumbon yana da wurin kowa. Ƙofar shigarsa da ke cikin tashar ce matsala.

Janar ne ya kafa ta. Mutumin nan ya fara da kumbo uku na sata, ya ƙare da duniyoyi bakwai a ƙarƙashin takalminsa. A ganinsa iska ta mai amfani ce. Saboda haka ya sa ƙofar ta riƙa karanta tafin hannun kowa: wanda ya haura sittin, ko ya kasa ɗaga ƙarfe mai kilo talatin, ba ya wucewa. Masu ciki ya yafe musu, gama sojoji suke ɗauke da su. Tafinsa kaɗai ke iya soke dokar. Shekara goma sha biyu ke nan da hafsoshinsa suka juya masa baya suka ƙone kumbonsa, amma ƙofar tana nan tana yi masa biyayya.

Mai ɗinki ba a labari ta san shi ba. Da ma'aikatan hawa na huɗu suka ajiye aiki, sai ya rufe musu iska minti arba'in. Mijinta na fari da 'ya'yanta maza biyu suna ciki. Ita da 'yarta sun tafi sayen zare a hawa na biyu.

Mijinta na yanzu mai wankin matatun iska ne. Ya zo cikin dubban 'yan gudun hijira bayan yaƙi, rabin fuskarsa a ƙone, ba shi da ko rigar sakewa. Ta ɗinka masa ɗaya, a shekara ta biyu ta aure shi. Mutum ne marar surutu, mai ninke bargonsa kusurwa huɗu cif. Kowace safiya, kafin ta zura zare, takan tsine wa Janar, shi kuwa ya ce amin.

Kwana uku injiniya yana fama da ƙofar. Ya gano cewa in aka yanka ta, mahaɗar kumbon za ta fashe. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

"Ya bar wahalar da kansa," in ji mai wankin matatu. "Ba a yi ta don ta ji roƙo ba."

Ranar Juma'a layi ya kai har ɗakin wanki. Tsofaffi sun yi iya dabararsu. Wanzami ya rine gashinsa baƙi ƙirin.

"Kai, ango!" wata tsohuwar ungozoma ta ce da shi. "Tafi ake dubawa, ba ƙeya ba."

Aka yi dariya, har shi. Ya ɗora hannu a gilashin ƙofar, jar fitila ta kama. Dariyar ta mutu.

'Yar mai ɗinki, da cikinta na wata bakwai, ta ɗora nata. Koriya. Ta wuce, ta juyo tana miƙo hannu.

"Inna, taho mana!"

Shekarun mai ɗinki sittin da uku. Ta goge tafinta a zani, ta ɗora. Ja. Ta sake gogewa, ta sake ɗorawa, kamar datti ne laifin. Ja. Jakar da ta cika da rigunan jariri sai ta cilla wa 'yarta ta saman shingen ƙofar.

Duk wanda aka san ba zai wuce ba ya gwada, har makaho, har mai keken guragu. Mijin mai ɗinki ne kaɗai bai matso ba. Yana can baya yana ɗaura wa mutane kaya.

"Baba, ko kai ka gwada!" 'yar ta kira shi. "Na'ura ce, tana iya kuskure."

"Maigida, je ka," in ji mai ɗinki, tana jan hannun rigarsa. "In ta bar ka, ka riƙe mini jikan."

Ya dubi gilashin, ya dubi tsofaffin da ke jingine da bango, ya daɗe yana duban matarsa. Taku shida ne tsakaninsa da ƙofar. Ya maida hannuwansa baya ya harɗe su.

"Inda kike, nan nake," ya ce.

Hawaye suka zubo mata. Ta gaya wa ungozoma cewa Allah ya karɓe mata maza uku, amma ya ba ta ɗaya wanda ya gwammace mutuwa da rabuwa da ita.

Kumbon ya tashi da ƙarfe huɗu da minti biyar na yamma.

Mutum arba'in da ɗaya ne suka rage. Tsofaffi ashirin da tara, cikinsu har da wanzami da ungozoma. Marasa lafiya takwas. Makaho, da mai keken guragu. Mai ɗinki, wadda ta rasu ran Laraba kanta a kan cinyar mijinta, tana sa masa albarka. Da shi mijin, wanda ya ci duniyoyi bakwai, ya rufe iskar hawa na huɗu, ya kafa ƙofar da hannunsa.