Rigimar Bargo

Wata goma sha ɗaya ana zama a ɗakin taro na hawa na uku, kuma duk zaman sai an yi rigima a kan bargo.

Ƙasashen biyu aminan juna ne tun kaka da kakanni, yanzu kuma suna shirin cire harajin kaya a tsakaninsu. An daidaita kan siminti, an daidaita kan taki. Bargo ne ya gagara, don na maƙwabta ya fi araha nesa ba kusa ba. Ranar da ya fara shigowa ba haraji, masaƙar bargo ta bakin gada ta mutu ke nan, ma'aikata ɗari huɗu su koma gida.

Mai buga takardun tawagar ƙasar da masaƙar take tana zama a kusurwa, bayan tulun ruwan sha. Ta yi rantsuwar rufe sirri kamar kowa a ofishin, ba ta kuma taɓa karya ta ba. Mijinta ne shugaban ma'aikatan masaƙar.

Shugaban tawaga kuwa gwani ne. Da an ambaci bargo sai ya cire tabarau, ya buga tebur har kofuna su yi tsalle. Sau biyu yana ficewa daga taro a fusace. Jaridu suka yi ta yabonsa, mijin ya yanko hotonsa ya liƙa a ƙofar masaƙa. Duk ma'aikacin da ya so neman wani aikin, sai ya nuna masa hoton, ya ce a ƙara haƙuri.

A wata na biyar ƙanin mijin ya samo masa aikin kula da sito a wani kamfani.

"Baban yara, ka karɓa mana," in ji ta.

"Ni da na hana mutane tafiya? Ke da kike cikin ɗakin, ba kya ganin yadda bawan Allahn nan ya tsaya mana?"

"Yana dai buga tebur," ta ce, ta ci gaba da ninke wanki.

Ta sake roƙonsa a wata na bakwai, har da kuka. Ya yi dariya, ya ce tsoro ya yi mata yawa. Aka ba wani aikin. Daga nan ta daina cin abincin kirki, ta rame har zobenta yana zamewa.

A zaman ƙarshe maƙwabta suka yarda su buɗe kasuwarsu ga sukarin ƙasar, abin da suka ƙi tun farko. Shugaban tawaga ya share ido da hankici, ya ce don darajar zumunci ya haƙura da bargo. Aka tafa.

Da matar ta dawo, ta tarar da mijin zaune a dakalin ƙofar gida, takalman aiki a ƙafarsa, rediyo a kashe. Tausayinsa ya kama ta.

"Ya yi iya ƙoƙarinsa," ya ce. "Ƙarfi aka fi shi. Ki gaishe min da shi."

Ta ce to, ta wuce ciki. Albashinta kaɗai ya rage wa gidan, kuma mutum uku ne kacal suka taɓa ganin takardar da ta buga da hannunta mako guda kafin zaman farko: "Bargo: a yi ta kare shi da ƙarfi, a sake shi ranar da suka ba da sukari."